Bikin Kiɗan Unguwa a Zamanin Korona: In An Soke Taro, Kuɗin Me Ake Nema?

Tambayar da mutane suka riƙa yi a 2020, wadda har yau ba a daina yin ta ba, ita ce: bikin da ake shiga kyauta, wanda aka ce 'yan unguwa ne ke shirya abinsu, me ya haɗa shi da roƙon tallafi? Kuma tun da annobar korona ta sa an soke shi, ba a kafa dandamali ba, ba a kunna lasifika ko ɗaya ba, to kuɗin me za a biya? Wasu ma cewa suka yi, ana ta kwasar gawa a asibitoci, wa ke ta kiɗa?

Maganar ta sake tasowa a 2025, lokacin da masu shirya bikin Notting Hill na birnin Landan suka fito fili suka ce ba za su iya tsare lafiyar jama'a ba sai an ƙara musu kuɗi. Sai da ofishin magajin garin Landan da ƙananan hukumomi biyu suka haɗa kusan fam miliyan 1, ana saura makonni a yi bikin. A 2024 kuma, ƙungiyar masu shirya bukukuwa masu zaman kansu ta Birtaniya ta ƙirga sama da bukukuwa 70 da aka soke, ko aka ɗage, ko aka rufe gaba ɗaya a shekarar kaɗai. An daɗe da janye dokar kulle, amma har yanzu ana biyan bashin da ta bari.

Wane irin biki ake nufi?

Ba wasan manyan mawaƙa ake nufi ba, irin wanda kamfani ke shiryawa a filin ƙwallo, a sayar da tikiti, a raba riba. Bikin unguwa shi ne wanda mazauna wuri suka ƙirƙira da kansu, ake yin sa a kan titinsu, babu ƙofar shiga balle mai karɓar kuɗi, kuma mafi yawan masu yi masa aiki 'yan sa-kai ne. Sai dai sunan ne kawai ɗaya. Girman ya sha bamban, kuma sai an riƙe wannan bambancin kafin a gane abin da ya faru.

Mafi ƙanƙanta shi ne irin wanda ake kira Porchfest a Amurka. A 2007, wasu maƙwabta a unguwar Fall Creek da ke garin Ithaca na jihar New York suka ga kusan kowane layi akwai mai kaɗa jita ko mai waƙa, sai suka ware yini guda kowa ya fito barandar gidansa ya yi wasa. Rukunin makaɗa wajen 20 ne suka fara. Mai gida ya ba da baranda da wutar lantarki, makaɗi ya zo da kayansa, masu kallo na yawo a ƙafa ko a keke daga wannan ƙofa zuwa waccan. Daga baya abin ya yaɗu zuwa garuruwa sama da 100 a Amurka da Kanada.

Na tsakiya shi ne irin bikin unguwar St Pauls a birnin Bristol na Ingila. Baƙar fata 'yan asalin yankin Karebiyan da maƙwabtansu ne suka fara shi a 1968, shekaru biyar bayan ƙaurace wa motocin safa da aka yi a birnin saboda kamfanin ya ƙi ɗaukar baƙar fata aikin direba da kwandasta. In an yi cikakken bikin, Asabar ta farko a watan Yuli ake yin sa, kuma yakan tara mutum wajen 100,000 a 'yan layukan unguwa guda.

Na ƙarshe shi ne Notting Hill, wanda shi ma bikin unguwa ne tun asali. A 1966 wata ma'aikaciyar jin daɗin al'umma, Rhaune Laslett, ta shirya wa yaran unguwa taro, makaɗin gangar ƙarfe Russell Henderson ya ja ayari suka zaga titi, jama'a suka bi su. Yau sama da mutum miliyan 1 ke halarta a ƙarshen watan Agusta, kuma har yanzu ba a biyan ko sisi a shiga.

Inda kuɗin ke tafiya

Wanda ya tsaya bakin titi yana kallo mawaƙi yake gani, don haka sai ya ɗauka shi ke cinye kuɗin. Alhali makaɗa na cikin waɗanda suka fi samun kaɗan, wasu ma da aljihunsu suke zuwa.

Tun kafin gari ya waye ranar biki, manyan motoci sun sauke shingen ƙarfe an jera a bakin hanya. An ajiye ban-ɗakunan haya layi-layi, don ba za a ce mutum 100,000 su riƙa ƙwanƙwasa ƙofar gidajen mutane ba. An kafa tantin masu agajin gaggawa, motar asibiti na tsaye a gefe. Masu gadi da masu nuna hanya sun saka rigunansu masu sheƙi, kowa da wayar oba-oba a kafaɗa. Ga janareta, ga dandamali, ga wayoyin wuta da sai an rufe su kada wani ya yi tuntuɓe. Bayan an watse, masu shara su kwana suna kwasar kwalabe da robobi, domin da safe dole motoci su wuce. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ake samu da "Allah ya saka da alheri". Sannan ga kuɗin izinin rufe titi, ga lasisi, ga inshorar da za ta biya diyya in lasifika ta faɗo wa wani a ka.

Hukuma ba ta ba da izini sai ta ga shirin tsaro a rubuce, kuma yawan masu gadi da ban-ɗaki da ma'aikatan lafiya yana tafiya ne da yawan jama'ar da ake sa ran za su zo. A nan ne bikin kyauta ya bambanta da na tikiti. Mai sayar da tikiti, duk mutum ɗaya da ya ƙaru ciniki ne ya ƙaru. Mai bikin kyauta kuwa, duk wanda ya ƙaru ɗawainiya ce ta ƙaru. Farin jininsa shi ke ƙara masa nauyi.

Cikakken bikin St Pauls na yini guda yana cin kusan rabin fam miliyan. In aka raba wa mahalarta 100,000, kowa bai wuce fam 5 ba, kuɗin da bai kai na farantin abinci ɗaya a rumfunan wurin ba. Amma babu ƙofar da za a tsaya a karɓa.

Akwai kuma kuɗin da ba ya jiran ranar biki: hayar ɗan ofis, hayar rumbun da ake ajiye kayan ado da ganguna, albashin mutum biyu ko uku da ke aiki duk shekara, da kuɗin akanta. Ko an yi biki ko ba a yi ba, mai rumbu zai aiko da takardarsa ƙarshen wata. Porchfest ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. St Pauls yana da su duka.

Inda kuɗin ke fitowa

Kaso mafi tsoka yakan fito ne daga tallafin hukuma, wato majalisar birni da hukumar raya fasaha ta Ingila, wadda ke raba kuɗin gwamnati da na cacar ƙasa. Sai masu ɗaukar nauyi, tun daga kamfanin abin sha da ke son a liƙa tambarinsa a dandamali har zuwa mai gidan abinci na kan kwana da ke ba da ɗan abin da ya sawwaƙa. Sai kuɗin rumfa da masu sayar da gasasshiyar kaza da shinkafa da kayan ado ke biya. Na ƙarshe shi ne bokitin da 'yan sa-kai ke zagayawa da shi cikin taro, wanda ba ya taɓa tara abin da ake fata.

Amma akwai wata gudummawar da ba ta shiga littafin akanta, kuma a ganina ta fi duk sauran girma. Ita ce ta tsohuwar da ke ɗinka kayan rawar yara wata uku ba ta karɓi komai ba, da mai lasifika da ke hayar mota da kuɗinsa ya kawo kayan da ya shekara yana gyarawa, da malamin makaranta da ke koyar da kiɗan gangar ƙarfe da yamma. Da za a biya waɗannan, da babu bikin unguwar da zai iya tsayawa da ƙafarsa.

Ko kafin korona ma abin da ƙyar da jiɓin goshi yake tafiya. St Pauls bai yi cikakken biki ba daga 2015 zuwa 2017, bayan masu ba da tallafi sun janye hannu saboda rashin gamsuwa da yadda ake tafiyar da shi. Sai da aka kafa sabon kamfani na al'umma kafin ya dawo a 2018, shekarar da ya cika 50. Sau biyu kacal aka yi, sai ga annoba.

Abin da watan Maris na 2020 ya tarar

Bikin da za a yi a Yuli, tun sanyin Janairu ake fara kashe masa kuɗi. Lokacin da Birtaniya ta sa dokar kulle ranar 23 ga Maris 2020, kwamitoci da yawa sun riga sun biya kafin alƙalami na dandamali, na shinge, na masu gadi. Kamfanonin da suka karɓa su ma suna cikin tsaka mai wuya, don haka yawanci amsarsu ita ce a ɗage zuwa baɗi, ba a mayar da kuɗi ba. A ɗaya gefen kuma, mai rumfar da ya biya kuɗin wuri tun Fabrairu yana bugo waya a ba shi abinsa, kuma da gaskiyarsa, don shi ma an rufe masa sana'a. Kwamiti ya tsinci kansa yana bin bashin da ba zai iya karɓa ba, ana kuma bin sa wanda ba zai iya ɗagewa ba.

A shekarar da ba ta annoba ba, in hanya ɗaya ta toshe sai a dogara da sauran. In kamfani ya janye, a matsa wa majalisar birni. In ruwan sama ya hana ciniki, tallafi na nan. Korona kuwa duka ta toshe lokaci guda. Mai gidan abincin da ke ba da gudummawa an rufe shi. Majalisar birni ta karkata ga rabon abinci da gidajen kula da tsofaffi. Bokiti ba ya zagayawa inda babu taro. Su kuma dattawan da ke riƙe da aikin sa-kai, su cutar ta fi yi wa barazana. Rahoton hukumar lafiyar al'umma ta Ingila na Yunin 2020 ya nuna mace-macen korona sun fi yawa a tsakanin baƙar fata da 'yan asalin Asiya, wato al'ummomin da suka kafa irin waɗannan bukukuwa.

A watan Mayun shekarar, ƙungiyar masu shirya bukukuwa masu zaman kansu ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na mambobinta na fuskantar asarar da za ta iya rusa su, kuma kusan dukkansu ba su da inshorar da ta shafi annoba.

Ina inshora take?

Mutane da yawa sun ɗauka wanda ya yi inshora ya tsira. Inshorar soke taro takan biya ne in guguwa ta yaye dandamali, ko ambaliya ta cinye fili. Cuta mai yaɗuwa kuwa, yawancin takardu sun cire ta, sai in mutum ya biya ƙari na musamman. Masu gasar tanis ta Wimbledon sun riƙa biyan wannan ƙarin tun bayan ɓarkewar cutar SARS a 2003, kuma da aka soke gasar 2020 an biya su sama da fam miliyan 100. Babban taron kiɗa da fasaha na SXSW a birnin Austin na Amurka bai biya wannan ƙarin ba. Da hukumar birnin ta soke shi ranar 6 ga Maris 2020, cikin 'yan kwanaki ya sallami kusan kashi ɗaya bisa uku na ma'aikatansa. In haka ta sami manya, ba sai an tambayi kwamitin unguwa ba.

Abin da ya fi yin ɓarna ma shi ne na shekara ta biyu. Daga 2020 kamfanonin inshora suka daina sayar da kariyar korona ko nawa za a biya. Don haka duk mai son shirya biki a bazarar 2021 sai ya zuba kuɗi tun Janairu, alhali ya san sanarwa ɗaya daga gwamnati ta isa ta cinye su. Shi ya sa babban bikin kiɗa na Glastonbury a Ingila, wanda ake sayar wa tikiti, ya soke na 2021 tun a Janairu, Notting Hill ma ya haƙura da titi shekara ta biyu a jere, duk da cewa an janye yawancin dokoki ranar 19 ga Yuli. Gwamnatin Birtaniya ta fito da nata shirin inshora na fam miliyan 750, amma sai a Agusta aka sanar, ya fara aiki a Satumba, bayan lokacin bukukuwa ya wuce. Kuma ba ya biya sai in doka ce ta hana taron ƙarara. In mawaƙa ne suka kamu, ko aka ce a rage jama'a saboda ba da tazara, asarar ta mai biki ce.

Tallafin gwamnati: wa ya samu, wa ya rasa?

Ba za a ce gwamnatoci ba su fitar da kuɗi ba. A Yulin 2020 Birtaniya ta ware fam biliyan 1.57 don ceto harkar al'adu. Amurka ta ware sama da dala biliyan 16 ga gidajen wasa da masu shirya taruka. Matsalar tana cikin ma'aunin da aka yi amfani da shi.

A Amurka, abin da ake ba mai nema shi ne kashi 45 cikin 100 na cinikin da ya yi a 2019, iyaka dala miliyan 10. Ciniki kuwa na nufin tikiti da sayar da kaya, ban da kyauta da gudummawa. Bikin da bai taɓa sayar da tikiti ba, kashi 45 na babu zai samu. Ga shi kuma shafin neman tallafin ya lalace tun ranar da aka buɗe shi a Afrilun 2021, sai da aka yi sama da mako biyu kafin a sake buɗewa.

A Ingila, zagayen farko na asusun ceton ya sa mafi ƙarancin abin da za a nema fam 50,000, kuma dole mai nema ya zama ƙungiya mai rajista, da cikakken lissafin kuɗi na shekara, da tsarin yadda zai farfaɗo a rubuce. Kwamitin mutum bakwai da ke haɗuwa a falon wani, wanda buƙatarsa ba ta wuce fam 4,000 na hayar rumbu da inshora ba, ya yi ƙanƙanta da wannan ƙofa. Glastonbury kuwa, da ke da akantoci da lauyoyi, ya samu kusan fam 900,000. Ba wai bai cancanta ba ne, shi ma ya yi asarar miliyoyi. Amma tsarin ya fi sauƙi ga wanda ya riga ya iya cike fom.

Haka abin yake ga ɗaiɗaikun mutane. Ma'aikacin da ke kan albashi, gwamnati ta biya masa kashi 80 cikin 100 har zuwa fam 2,500 a wata. Mai zaman kansa kuwa sai in yana da takardar harajin shekarar da ta gabata, kuma sai in aƙalla rabin abin da yake samu daga sana'ar yake fitowa. Makaɗin unguwa da ke aikin shago kwana uku a mako, yana wasa Juma'a da Asabar, sau da yawa bai cika sharaɗin nan ba, bai kuma samu abin kirki a can ba. Ƙungiyar masana'antar kiɗa ta Birtaniya ta ce masu aiki a fannin sun ragu daga 197,000 a 2019 zuwa 128,000 a 2020.

Faransa ta bi wata hanyar. Tun da daɗewa tana da tsarin da ke ba makaɗa da masu aikin dandamali alawus a watannin da babu aiki, matuƙar sun cika awa 507 a shekara. Da annoba ta zo, aka yafe musu sharaɗin awoyin har zuwa 2021. Kuɗin ya bi mutum ne, ba kamfani ba, kuma ina ganin wannan ya fi dacewa da sana'ar da mutane ne jarinta.

In aka duba gaba ɗaya, ƙananan sun fi kowa rashin tallafi, amma su ne suka fi wuyar mutuwa. Porchfest na Ithaca ya tsaya shekara biyu, ya dawo a 2022, domin baranda ba ta cin haya kuma jita ba ta karɓar albashi. Babba kamar Notting Hill, babu ɗan siyasar da zai so a ce a hannunsa ya mutu. Na tsakiya ne ya fi shan wuya: yana da ɗawainiyar manya, amma aljihunsa na ƙanana ne.

Intanet da karo-karo

Notting Hill da St Pauls duk sun koma intanet a 2020, aka ɗauki wasanni a bidiyo aka watsa. Ya hana sunan biki ɓacewa, ya kuma ba wasu makaɗa ɗan abin sawa a aljihu. Amma ɗaukar bidiyo mai kyau shi ma kuɗi ne, kuma mai gasa kaza ba ya ciniki a Facebook. Ko Glastonbury da ya sayar da tikitin kallo fam 20 a Mayun 2021, dubban mutane sun kasa shiga na kusan awa biyu, har sai da aka buɗe shi kyauta.

Neman gudummawa ta intanet ya yi aiki fiye da yadda aka zata, musamman a watannin farko. Kusan irin ajon da muka sani ne: wanda ya shiga matsi ya kira taro, 'yan uwa da abokan arziki su zo su liƙa. Kuma raunin iri ɗaya ne. Ajo yana tara kuɗi ne gwargwadon aljihun abokan mai ajo, kuma ba a kiran mutane ajo duk wata. Bikin unguwar masu hali ya cike giɓinsa cikin mako guda, na unguwar talakawa da suka rasa aiki a lokacin bai samu haka ba. Zuwa shekara ta biyu kuma kowa ya gaji da ganin roƙo.

Masu cewa a bayar, da masu cewa a bari

Masu adawa da tallafin ba su rasa hujja ba. Suna cewa kuɗin gwamnati ba rijiya ba ce, kuma a shekarar da ma'aikatan jinya ke neman kayan kariya, kiɗa ba ya cikin abin gaggawa. Suna ƙarawa da cewa taro na yaɗa cuta, kuma an gani: bayan bikin kiɗa na Boardmasters a yankin Cornwall na Ingila cikin Agustan 2021, an danganta kamuwar mutum wajen 4,700 da shi. Akwai ma mazauna unguwar da ba su ɓoye jin daɗinsu ba da suka samu shekara biyu babu hayaniya, babu masu fitsari a ƙofar gida.

Masu goyon baya kuma suna cewa an rikita abu biyu. Ba kuɗin yin taro a tsakiyar annoba ake nema ba, kuɗin da zai hana ƙungiya watsewa ne kafin a iya taron. In aka kasa biyan hayar rumbu, kayan shekara 20 za su ƙare a bola. In mai haɗa wutar dandamali ya koma tuƙin motar kai kaya, ba lalle ya dawo ba. Ga kuma masu rumfa da cinikin yini biyu ke riƙe su wata da watanni.

Ni dai na fi karkata ga na biyun, amma da sharaɗi. Hujjar cewa biki na kawo wa gari miliyoyi an cika kambama ta, domin kaso mai yawa na kuɗin da aka kashe a wurin da ma za a kashe shi a wani gefen garin. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta araha: riƙe ƙungiya da rai na shekara guda bai kai kuɗin sake gina ta daga tushe ba, kuma St Pauls ya riga ya nuna cewa in aka tsaya, dawowa na cin shekaru.

Nan gida fa?

Tsarinmu daban ne, don makaɗin Hausa ba da tikiti ko tallafin hukuma yake rayuwa ba, da biki da suna da liƙi yake ci. Amma a 2020, da aka kulle Kano tun tsakiyar Afrilu, aka hana taruka, aka soke hawan Sallah, makaɗa da maroƙa da masu hayar kujeru da rumfa da masu ɗaukar hoto duk suka zauna, kuma yawancinsu hannu baka hannu ƙwarya suke. Gwamnatin tarayya ta fito da asusun naira biliyan 75 na ceto ƙananan sana'o'i. Tallafin biyan albashi a ciki sai mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni, da jerin ma'aikata da asusun bankinsu. Masu sana'ar hannu kuma naira 30,000 aka ware wa kowa, sau ɗaya. Mai kalangu da yaransa biyar ba su da rajista, ba su da takardar albashi. Wannan ita ce matsalar kwamitin falo na Ingila, ƙasa ce kawai ta bambanta.

Abin da ya rage wa talaka

Da aka dawo a 2022, an tarar komai ya yi tsada. Wasu kamfanonin shinge da dandamali sun rufe, ƙwararrun ma'aikata sun canza sana'a, man janareta ya tashi, masu shirya bukukuwa na cewa ɗawainiya ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 ko fiye. A Birtaniya, harajin tikiti da aka saukar zuwa kashi 5 ya koma 20 a Afrilun 2022. Mai tikiti ya ƙara farashi. Mai bikin kyauta ba shi da farashin da zai ƙara, don haka zaɓinsa shi ne ya ƙara wa masu rumfa kuɗi, wanda ke korar ƙananan 'yan kasuwar unguwa ya kawo na waje, ko ya miƙa wa babban kamfani dandamali da sharuɗɗansa, ko ya kewaye wani sashe ya fara karɓar kuɗin shiga, ko ya rage bikin. St Pauls na ƙarshen ya ɗauka: ya yi cikakken biki a 2023, ya koma ƙananan taruka a 2024, ya kuma ce ba zai iya yin babban duk shekara ba. Iyalin da ba za su iya sayen tikitin fam ɗari biyu ko uku na manyan bukukuwa ba, su ne suka rasa.

Maganar da ake yi yanzu ita ce manya su riƙa tallafa wa ƙanana. Faransa na cire kashi 3.5 cikin 100 daga kowane tikitin wasa ta zuba a cibiyar kiɗa ta ƙasa. A Birtaniya ana gwada ƙara fam 1 a tikitin manyan filaye, amma na ganin dama ne, kuma an fi nufin ƙananan gidajen wasa da shi, ba bikin kan titi ba. Shirin inshorar gwamnati kuwa ya ƙare tun Satumban 2022, kuma yawancin takardun inshorar soke taro da ake sayarwa yau har yanzu sun cire cututtuka masu yaɗuwa daga abin da za su biya.